Ranar da Na Yanke Waƙa ta Huɗu

Har yau ban manta da ranar da aikin gwamnati ya cinye min waƙar da na fi so a duniya ba. Lokacin ina ƙaramin malamin gona a Kazaure, zamanin kuɗin fetur. Ni ke yawo da motar ofis mai lasifika biyu a ka, ina shelar taki da iri ƙauye-ƙauye.

Wani Bature injiniyan titi da zai koma gida ya bar min kaset uku, baƙi da fari da ja, na wasu samari biyar masu gashi har kafaɗa. Kiɗansu hebi metal ake ce masa, kiɗa ne mai tsananin ƙara, mawaƙin yana ta ihu. Baƙin kaset ƙuruciya ce zalla, gudu kawai suke yi. A Farin kuwa sun ƙoshi, lalaci ya shigo. Amma Jan, ko a gaban alƙali zan faɗa, ba su sake yin irinsa ba. Waƙa ta huɗu jita ce kaɗai take buɗe ta, a hankali, minti biyu cur, sai ka saki jiki sannan ganguna su rufto maka. Ba na jin ko kalma ɗaya, amma ta taɓa sa ni hawaye a hanyar Roni.

Wata damina tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonakin Gwiwa, gero yana gab da nuna. Jirgin feshi sai an rubuta hedikwata an jira amsa, mutane kuma sun gaji da kaɗa gwangwani. Na je shela, ashe Jan kaset na bari a rikoda. Ina kunnawa tsuntsu ya tashi kaf, sama ta yi baƙi.

Washegari babban jami'in gona, Yallaɓai Sani, ya zo da agogo da takarda, domin ƙa'ida ce sabuwar dabara sai an gwada ta a gaban babba. Baƙin kaset ya kori rabin tsuntsayen. Farin, ko ɗaga kai ba su yi ba, abin da na daɗe ina faɗa ke nan. Jan ya share gona tas, har aka zo waƙa ta huɗu. Jita na farawa suka dawo, suka jeru a kan zangarniya suna ci suna saurare.

Yallaɓai ya ce, "Isuhu, wannan wurin ɓarna ne. Cire shi."

Na ce, "Yallaɓai, ai nan ne waƙar take. A riƙa tura kaset gaba mana."

Ya ce, "Kafin ka tura sun ci dami."

Gonar ta dagaci ce, dattijo, yana tsaye. Ya ce, "Ɗana, in geron nan ya tafi, gidana ba tuwo sai wata damina."

Na karɓi reza, aka aro jan-farce a cikin gidan dagaci don liƙi. Da hannuna na zaro zaren kaset ɗin, na yanke, raina yana ƙuna. Abin da na yanke ma bai tsira ba, Yallaɓai ya ɗaure shi a kara tsakiyar gona, wai ƙyallinsa ma yana korar tsuntsu.

Gero ya tsira. Dagaci ya aiko min da dami biyu, da saƙon cewa bawan Allahn nan mai ihu a kaset, suna yi masa addu'ar samun lafiya. Kaset kuwa ofis ya riƙe shi a matsayin kayan aiki.

Ku da kuke shigowa aiki yanzu, ku riƙe wannan: manomi zai gode maka har da wanda bai taɓa gani ba, amma abin da kake so, kada ka bari na sama da kai ya gano yana da amfani.