Ranar da Falmata Ta Auna Mahaifinta

Shekaru sun ja, amma har yau ban manta da safiyar Litinin ɗin da hedimasta ya aiko a kira ni daga aji biyar ina tsaka da darasi ba. A watan Nuwamba ne na shekarar 2004, a wata makarantar firamare da ke cikin garin Azare.

Bari in fara daga baya kaɗan. Ni ban shiga aji ina yarinya ba. Da 'ya'ya huɗu na fara ajin yaƙi da jahilci, daga nan na wuce cibiyar ilimin mata, har na samu takardar malanta mai daraja ta biyu, wadda a lokacin da ita ake fara ɗaukar mutum koyarwa a firamare. Saboda haka na san zafin a ce ka haddace abin da idonka bai taɓa gani ba. Da aka ba ni lissafin aji biyar, na tarar yara suna rera "milimita goma santimita ɗaya, santimita ɗari mita ɗaya, mita dubu kilomita ɗaya" kamar waƙar gaɗa. Na tambayi wata tsawon bencin da take zaune a kai, ta miƙe da ƙarfin gwiwa ta ce kilomita biyu. Ban yi dariya ba. Haushi na ji.

Doguwar rula mai mita guda ɗaya tak muke da ita a makarantar, tana ofishin hedimasta. To lokacin an gama yankan dawa, kara ko'ina. Na sa kowane yaro ya zo da miƙaƙƙen kara, muka gwada da rular muka yanke a kan mita ɗaya cif, na zafafa ƙusa na yi masa zane a kowane santimita goma. Cikin mako guda ajin ya canza. Muka auna allo, muka auna baranda, aka daina ce mini benci kilomita ne. Ranar Laraba na ba su aikin gida: kowa ya tafi da karansa, ya auna abu uku a gidansu, ya mai da mita zuwa santimita, santimita zuwa milimita.

A cikinsu akwai Falmata, 'yar shekara goma sha ɗaya, mai shiru-shiru da kaifin kai. Iyayenta mutanen Yobe ne da suka daɗe a Azare. Mahaifinta Malam Modu direban motar haya ne a hanyar Bulkachuwa, ya yi watanni a kwance yana jinya. Ranar Alhamis ba ta zo ba. Ranar Juma'a ma haka.

Da na shiga ofis ran Litinin ɗin, na tarar da wani dattijo a tsaye, ya ƙi zama. A kan teburin hedimasta ga karan awo an karya shi biyu. Hedimasta ya ce, "Malama Asabe, wannan Alhaji Kyari ne, wan mahaifin Falmata. Malam Modu ya rasu ranar Juma'a."

Na yi salati, na yi masa ta'aziyya. Ya nuna karan ya ce, "Ke kika ba ta wannan?"

Na ce, "Ni ce."

Ya ce, "Goggonta ta shiga ɗaki ta same ta durƙushe, ta shimfiɗa kara a jikin ubanta daga ƙafa zuwa kai, yana da ransa. Abin da kuke koya musu ke nan?"

Ga waɗanda suka tashi ba su san wannan ba: a wajenmu idan mutum ya rasu, kara ake ɗaukowa a gwada tsawon gawar, a aika wa masu haƙan kabari. Ba a gwada mai rai da kara, balle mara lafiya. Na san haka, kowa ya sani. Ƙofa da tabarma na sa a raina da na ba da aikin.

Hedimasta mutum ne mai gudun fitina. Ya ce, "A tattara karan nan duka a ƙone, ki ba Alhaji haƙuri, a rufe maganar nan kafin ta kai ga masu duba makarantu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, kara ba ya jin zafi, a ƙone shi in an ga dama. Yarinyar fa?"

Alhaji Kyari ya ce, "Ta gama boko. Matan gida sun ƙi cin abinci kwano ɗaya da ita, suna cewa ita ta auna wa ubanta kabari. Bayan sadakar bakwai za a kai ta Gololo wajen dangi." Ya juya ya fita.

A ƙa'ida, malami ba ya zuwa gidan iyayen yara a kan rigima sai da izinin hedimasta da wakilin ƙungiyar iyaye da malamai. Na ce masa ni ba rigima za ni ba, gaisuwar mutuwa za ni, kuma wannan ba ta buƙatar izinin kowa.

Bayan la'asar na isa. Mata cike da tsakar gida, mahaifiyar Falmata tana ɗaki cikin takaba. Ina shiga na ji wata ta ce, "Ga mai karan nan." Na yi gaisuwa na zauna. Falmata tana bayan madafa ita kaɗai, fuska a kumbure. Na je na kamo hannunta, na aika a roƙi Alhaji ya shigo. Da ya tsaya a bakin ƙofa na ce, "Alhaji, an dake ta, na gani. Akwai wanda ya tambaye ta yadda aka yi?"



Na ce, "Falmata, faɗi."

Ta ce, "Gadon nake aunawa. Sai Baba ya buɗe ido ya ce me nake yi. Na ce aikin Malama ne. Ya ce, gado da tabarma kowa ma zai auna, ke auna babanki ki kai musu, su san kina da dogon uba. Ya miƙe ƙafafunsa da kansa. Na ce mita ɗaya da zane bakwai. Ya ce a ƙananan nawa ke nan? Na ce santimita ɗari da saba'in. Ya ce a 'yan mitsi-mitsin fa? Na ce dubu ɗaya da ɗari bakwai. Ya yi dariya ya ce ashe shi mai dubu ne bai sani ba. Ya ce Allah ya yi mini albarka. Sai Goggo ta shigo."

Daga cikin ɗaki uwar ta yi magana, ba ta ɗaga labule ba. Ta ce, "Na ji dariyar. Ina dama masa kunu a nan bakin ƙofa. Tun da ya kwanta ban ji ya yi dariya ba sai ranar. Na kasa faɗa ne a gabanku."

Na dubi Alhaji na ce, "Ka fi ni karatu nesa ba kusa ba. Kara ne yake kawo ajali? In kuka kai yarinyar nan ƙauye da wannan magana a kanta, har ta tsufa ita ce wadda ta kashe ubanta. Shi kuwa albarka ya sa mata. Wanne za ku bar mata?"

Sai Alhaji ya tsuguna a gaban yarinyar, abin da ban zata ba. Ya ce, "Nawa kika ce ya kai?"

Ta ce, "Ɗari da saba'in, Baba."

Ya ce, "Tun muna yara ya fi ni tsawo, ga shi ni ne babba." Ya rufe fuska da hannun rigarsa. Da ya miƙe, goggon ya kalla ya ce, "A zuba mata abinci tare da kowa."

Bayan sadakar bakwai shi da kansa ya rako ta har bakin aji. Ba a ƙone karan ba, amma daga ranar ban sake bari yara su tafi da shi gida ba. Falmata ta yi makonni ba ta taɓa nata sabon ba, ni kuma ban matsa mata ba. Ta gama aji shida tare da 'yan ajinsu.

Har gobe ina nan a kan bakata: yaron da bai riƙe mita a hannunsa ba bai san mita ba, ko ya rera ta sau dubu. Amma ku ƙananan malamai ku riƙe wannan. Abin da ka miƙa wa yaro a aji, a gida ma'anarsa daban, domin can akwai marasa lafiya, akwai tsofaffi, akwai masu jiran abin da za su ɗora wa baƙin cikinsu. Kuma idan abu ya ɓaci, manya za su yi ta shawara a kan yaro, a ofis da a zaure, ba wanda zai tuna yana da baki. Aikinka ne ka je ka tambaye shi, a gabansu.