Littattafan Baffa da amalanken Tasawa

Shekarar babbar yunwa, zamanin soja, ranar kasuwar Urafane, amalanke ya tsaya ƙofar gidanmu tun da hantsi. Babanmu ya tafi cin rani, gida yana hannun yayansa, Baffa Isufu, mushen lakwal, wato malamin makarantar boko, da aka sallama ya dawo ƙauye da akwatin littattafai. Rumbunmu ya zama wurin ɓuyanmu mu yara, tafasa muke tsinkowa a daji, ita ce kalaci ita ce tuwon dare. Ƙanena Sani kuwa zawo ya tsotse shi, wuyansa ba ya riƙe kansa. A Tasawa aka ce akwai likita, ana kuma rabon jar dawa.

Jakin ya rame, mai amalanke ya ce kowa ƙunshi guda. Inna ta ɗauki tukunya. Baffa ya baje tabarma, ya aza littattafai biyu a cinya. Ba na tatsuniya ba ne, ba na addini ba. Na tambaya, ya ce ɗaya wani masani ne yake yabon waƙoƙin wasu mawaƙa, ɗayan kuma yana cewa na farkon bai fahimci komai ba. Wato gulma ce aka yi wa bango. Ya buɗa wannan ya gyaɗa kai, ya buɗa wancan ya yi tsaki. "In na bar ɗaya, gardamar ta gurgunce," in ji shi.

Mace ba ta gaggauta yayan mijinta. Inna tana tsaye da Sani a goye, tana kallon inuwa tana janyewa. Mai amalanke ne ya gaji: "Mushe, in sun yi nauyi ka dafa su mu ci." Sai bayan azahar Baffa ya zaɓa: ya sa ɗaya a ƙunshi, ya cusa ɗayan cikin riga.

Mun tarar an tashi daga rabo, likita ya kulle. Sani bai ga safiya ba.

Yanzu ɗana ya shiga lakwal, yana dawowa da littattafai yana shafa su kamar jarirai. Ba na hana shi. Amma in jikin ƙanwarsa ya yi zafi, ba na jiran kowa ya gama karatu, ko wane ne shi a gidan. Da Inna ta ce "Yaya, mu tafi", da wataƙila yau ƴaƴana suna da kawu.