Saƙon da Ya Riga Ni Isa Gumani

Shekara bakwai ke nan da rasuwar yayana Fuseini, kuma har yau in aka fara sanarwar rasuwa a rediyo sai in rage murya.

Aikinsa ke nan. Ya daɗe yana karanta sanarwa da Hausa a wani ƙaramin gidan rediyo a nan Tamale. Yana da ƙa'idar da abokan aikinsa suke masa tsiya a kanta: ba ya ambaton sunan mamaci sai ya tabbatar an gaya wa uwarsa ko matarsa baki da baki. In ba a je ba, sai ya ajiye takardar ya hau babur da kansa. Yakan ce rediyo tana magana da mutum dubu amma ba ta ganin fuskar ko ɗaya, kuma ba ta da hannun tare wanda jiri ya ɗiba.

Babban ƙorafinsa shi ne masu sauraro ba su da bakin mayar masa da magana. Da ya ga yau, da farko murna zai yi: mai koko a unguwar Nyohini ma tana da gidan rediyonta a jaka, wato wayarta, tana faɗa ana amsa mata. Amma na san abin da zai tambaya. Tunda kowa ya zama mai sanarwa, wa ya rage da zai hau babur?

Ranar da ya cika a asibiti, da hantsi, ni kaɗai ne a kansa. Cikin kuka na tura saƙon murya a zauren 'yan'uwa na WhatsApp, sannan na kama hanyar Gumani wurin mahaifiyarmu, Mma. Saƙon ya riga ni, don an yi ta tura shi daga waya zuwa waya. Mma tana auna wa wata mata nono a ƙofar gida, matar ta danna wayarta don ta ji abin da ya shigo. Na tarar da ƙwarya a kife, Mma zaune a ƙasa.

Ba ta taɓa tambayar wanda ya yi saƙon ba. Ni kuma na laɓe a bayan fatan kuka ya ɓoye muryata, ina jin kunyar haɗa ido da ita.

Babu abin da ya saura na muryar Yaya, gidan rediyon ma ya rufe. Ƙa'idarsa ce kawai a hannuna. Shi ya sa kafin in aika wannan rubutu, don kada wani ya karanta mata shi daga waya, na je Gumani na durƙusa na amsa laifina.

Ta ce, "Inusa, ni na goya ka, ba zan san kukanka ba? Waya ce ta faɗa mini. Kai har yau ba ka faɗa ba."

Na ce, "Mma, Yaya ya rasu."

Ta miƙo hannu, na riƙe ta.