Likita Bai Ce Mazarƙwaila Ba

Kawuna shi ke riƙe da makullin ƙofar ruwa na layin gonakinmu a Bunkure. Bai taɓa rubuta komai ba, a ka yake riƙe da ranar ban ruwan kowa: wane Asabar, wane Talata da hantsi. Da ciwon suga ya daɗe a jikinsa sai mantuwa ta shigo. Manoma suka fara ƙus-ƙus a karɓe makullin, shi kuwa gara a cire masa haƙori.

Likita a Kura ya ce ya bar suga, ya riƙa shan ƙwayoyi. Suga kam ya bari, na shaida. Ƙwayoyin kuwa ya ce na masu zaman ofis ne. Ya nufi kasuwa wajen wani mai magani da lasifika, wanda jarkarsa guda ke kashe basir, sanyi, suga da mantuwa. Mutumin da sai da ya tambayi Kawu sau biyu me ma ya ce yana damunsa! Jiƙon shuwaka ne da saiwoyi, ɗaci kamar maɗaci.

Wata safiya na same shi yana narka mazarƙwaila a kofin maganin, dunƙule guda.

"Haba Kawu! Ba an hana ka ba?"

"Suga aka hana ni. Ka ji likita ya ce mazarƙwaila?"

"To da me ake yin ta?"

"Da rake. Suga kuwa daga kanti yake. Kai dai bokon nan asara aka yi."

Ga shi kuma maganin mantuwar sai ka tuna ka sha. Kawu ya sha, ya manta, ya sake haɗa wani, kowane kofi da dunƙulensa. Ni kuwa maimakon in mayar da shi asibiti, majalisa na kai labarin, har da kwaikwayon muryarsa. Allah ya yafe mini.

Ranar da ya saki ruwa a gonar albasar da ta isa cira, magana ta ƙare. Albasar mutane ta ruɓe. Muka zauna, mu masu lafiyayyen kai, muka tsara ranaku a takarda, aka ce tunda kawuna ne in je in karɓo makullin.

Na tarar da shi zaune a bakin kanal ɗin da ke kawo mana ruwa. Bai yi musu ba, cewa kawai ya yi in karanta masa takardar. Na karanta ina wani ɗaga murya.

"Matar marigayin nan mai gonar ƙarshe fa?" in ji shi. "Laraba bayan azahar nata ne. Ba ta zuwa taro, ba ta da mai yi mata magana."

Na bi takardar sama da ƙasa. Babu ta. Wallahi kunya ta rufe ni, na rasa inda zan sa idona.

Ya miƙo mini makullin. "Rubuta ta yanzu ina gani, ɗana. Ni gobe ba lalle in tuna ba."