Ranar da Tarsim ya daina ganin ƙadangaru

Tarsim mutumin wani ƙauye ne kusa da garin Banyumas, kuma shekara arba'in ya yi yana hawan bishiyar kwakwa. Safe da yamma yakan hau ashirin da biyu, ya yanki kan furen, ya sauko da gorunan da ruwan zaƙi ya taru a ciki. Matarsa Wartinah ita ke dafa ruwan ya zama mazarƙwaila.

Ba mai yawan magana ba ne. Abin da ke sa shi surutu shi ne ƙadangarun nan masu shawagi, waɗanda ke buɗe fatar haƙarƙarinsu su sulalo daga wata bishiya zuwa wata. Ya san bishiyar da kowanne ke zama a kai.

Wata damina ya fara ƙorafi cewa sun ƙare. Ya ɗora laifin a kan maganin feshin da maƙwabcinsa ke zuba wa barkono, har suka daina gaisawa. Rannan yana wannan mita a tsakar gida, Wartinah ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Maigida, yanzun nan ɗaya ya wuce ta saman kanka. Saura kaɗan ya ɗauke maka hula."

Sai a lokacin Tarsim ya yarda cewa ya daɗe yana laluben matakalar bishiya da ƙafa, ba da ido ba. Mahaifinsa a makance ya rasu, don haka ya ɗauka nasa ya zo. Kwana uku shinkafa ba ta wuce masa ba.

'Yarsu Sumini ta ɗora shi a babur sai asibitin gari. Likita ta haska idon, ta ce yanar ido ce kawai, aikin rabin awa. Ya sa ta maimaita sau biyu.

Bayan aikin, da aka cire bandeji ya zauna a bakin ƙofar gida, kafin azahar ya ƙirga ƙadangaru shida, ɗaya har yana kaɗa rawayen maƙoshinsa. Ya juyo ya ƙura wa Wartinah ido, ya tambaye ta yaushe ta yi wannan furfura.

"Tun kana zargin barkonon mutane," in ji ta.

Washegari ya ɗauki curin mazarƙwaila biyu ya tafi ba maƙwabcin haƙuri. Likita ta hana shi hawa sai bayan wata guda. Ya daure sati uku.