Taku Biyu Tsakanin Ogutu da Surukarsa

Ogutu Oyier ya shekara ashirin da bakwai yana ba da magani a wani ƙaramin asibiti a Kisumu, amma ranar Lahadi ta kyamara ce. Da an tashi daga coci zai rataya ta ya nufi bakin tafki, ya wuni yana bin tsuntsaye da kwalekwalen masunta. Ko sisi ba ya samu a ciki. Rabin tsuntsayen ma kan fito kamar ɗigon tawada, don gilashin gaban kyamarar ya tsufa, kuma ba ya jawo nesa.

Mutum ne mai kunya har ta yi masa yawa. A al'adarsu suruki ba ya matsawa kusa da uwar matarsa, ba ya kallon tsabar idonta, balle ya taka ɗakin kwananta. Da yawa sun sassauta, shi kuwa ya riƙe abin kamar shi kaɗai aka bar wa amana. Shekara talatin daga gindin mangwaron tsakar gida yake gaishe da surukarsa.

Wata rana matarsa, wadda yake kira Nyar Alego da sunan garinsu, ta dawo daga dubo uwarta jiki a sanyaye.

"Baban Awuor, Mama ta fara ƙin abinci," in ji ta. "Kuma hotonta ɗaya ne a hannunmu, na katin shaida. Kana da hoton kowace balbela a tafkin nan, ni ba ni da na uwata."

Maganar ta soke shi, don gaskiya ce.

Washegari suka tafi kanti tare. Mai kanti ya ajiye musu gilashi biyu. Ɗaya na ƙwararru ne, tsawon kamu guda, kuɗinsa ya kai na shanu biyu, kuma Ogutu ya shekara biyar yana tanadi dominsa. Ɗayan bai fi gwangwanin madara ba, kuɗin akuya ne, ba ya jawo nesa, sai dai yana gani a wuri mai duhu.

"Babban za mu ɗauka," in ji Ogutu. "Da shi daga tsakar gida zan ɗauko Mama har gashin girarta."

"Kai dai faɗi gaskiya, balbelunka kake hange," in ji matar. "Mama ta yi wata biyu ba ta fito waje ba. Ɗakin taku uku ne, tagar kamar tafin hannu. Ko bango za ka fasa?"

Mai kanti ya yi dariya. "Dattijo, ni na fi son ka ɗauki babban, amma a irin ɗakin nan hancinta kawai za ka samu. Ƙaramin shi ne maganin duhu, sai dai dole ka matsa, kamar taku biyu."

Ogutu ya daɗe yana shafa babban. Ya so shi ƙwarai, ba ƙarya. Daga ƙarshe ya mayar, ya biya kuɗin ƙaramin, ya kuma yanke a ransa cewa matarsa ce za ta ɗauki hoton.

A Alego ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin surukarsa, ya juya baya, yana ba da umarni: ɗaga, sauke, kada ki yi numfashi. Sau shida matarsa tana dannawa. Ɗaya ya fito babu kai, ɗaya gidan sauro ne zalla, sauran duk sun girgiza, don tana ta haɗiye kuka.

Sai muryar tsohuwar ta fito daga ciki. "Wane ne wannan yake ta ba da oda kamar ɗan sandan hanya?"

"Surukinki ne, Mama."

"Ce masa ya shigo."

"Mama, ai bai dace ba," in ji Ogutu, murya ƙasa-ƙasa.

"Kunyar nan ni ake yi wa ko? To na ƙoshi. Shigo."

Ya cire takalmi ya shiga a sunkuye, ya durƙusa gaban gadon, ya ɓoye fuskarsa a bayan kyamara. Ta cikin gilashin ya fara ganin ta sosai: giɓin haƙoran ƙasa irin na matan zamanin da, da idanu sak na 'yarsa Awuor.

"Sauke wannan abu tukuna," in ji ta.

Ya sauke. Ta miƙo hannu ta shafa goshinsa da kumatunsa a hankali, don idonta ya yi rauni.

"Ashe haka kake. Shekara talatin ina shan sukarin da kake aikowa, muryarka kawai na sani. Ka riƙe mini 'yata da kyau, ɗana. Na daɗe ina son faɗa maka, amma ba magana ce da ake ɗaga murya a faɗa ba."

Ogutu ya sunkuyar da kai.

Ta gyara ɗankwalinta. "To ɗauka, kafin in gaji da murmushi."

Sai da ya goge idonsa da hannun riga sau biyu kafin ya iya ganin ta.