Ni da Surukina a Gaban Lasifika

Shekarun baya, lokacin ina saurayi, ban daɗe da samun aiki a wata ma'aikatar tarayya ba, abubuwa biyu ne suka dame ni a Abuja: neman aure da kiɗan rok. Na farkon kowa ya sani, har masinjan ofishinmu yana sa ni a addu'a. Na biyun kuwa ni kaɗai nake fama da abina a mota, gilashi a rufe.

Kiɗan da nake nufi ba mai laushin nan ba ne. Mai nauyin ne, wanda jita ke kuka kamar injin markaɗe ya kama tsakuwa, mai ganga kuma yana dukanta kamar ta yi masa laifi. A jami'a na koya, wajen abokin ɗakina, wani ɗan Gbagyi daga Orozo. Kawunsa ne ya bar masa kaset na wata ƙungiyar makaɗa 'yan ƙasar nan, waɗanda suka yi tashe bayan yaƙin basasa, suka watse tun ba a haife mu ba. An ce mawaƙinsu ya zama fasto, wani ya tafi Turai, mai jitar kuma yana sayar da kayan gyaran mota a kudu. Duk Bahaushen da na kunna wa sai ya ce in rage, ko ya tambaye ni ko lafiya. Daga baya na daina kunna wa kowa.

Yarinyar da nake nema, wadda yanzu ita ce matata, mahaifinta tsohon babban sakatare ne da ya yi ritaya. Mutum ne mai fararen kaya da ƙarancin magana. A bikin yayarta shi ya fito da kansa ya sallami mai kiɗa, tun bai gama jona wayoyinsa ba. Sau ɗaya na je gaishe shi. Na cire takalmi tun daga bakin ƙofa, na durƙusa, kaina a ƙasa. Ya tambayi sunan mahaifina da masallacin da nake salla, ya ce in tafi zai neme ni. Bai ce in turo magabatana ba, bai kuma ce kada in turo ba. Bincike ya shiga yi, irin na tsofaffin ma'aikata, a hankali kuma babu abin da ake tsallakewa. Kafin ni ya riga ya kori wani, don kawai an gan shi a wurin shan shisha.

Ana cikin haka sai abokin nan nawa ɗan Gbagyi ya kira ni yana ihu a waya. Wai makaɗan nan sun sake haɗuwa. Wasu Turawa sun tono tsofaffin faya-fayansu sun sake bugawa, abu ya karɓu, har za su yi wasa a babban filin wasa na Abuja ranar wata Asabar, da rana. Da na faɗa wa yarinyar, sai ta ce, "Ni dai ba zan hana ka ba. Amma ka san Baba yana da mutane ko'ina. Hoto ɗaya aka kai masa, magana ta ƙare."

Na kwana ina auna maganar, na ga gaskiyarta, gari ya waye na sayi tikiti. Hujjata ita ce mutanen Baba ba sa zuwa irin wannan wuri. Na sa baƙar riga mai gajeren hannu da wandon jins, na ninke kaftanina na ajiye a but ɗin mota, ko da Allah zai kawo larura.

Filin bai cika ba, amma an taru. Akasari dattawa ne 'yan kudu da matansu, sai 'yan ofisoshin jakadanci, sai samari irinmu da suka gaji abin a kaset. Bayan la'asar makaɗan suka hau dandamali. Sun tsufa ƙwarai. Mawaƙin ya yi tumbi, kuma sai da ya buɗe taro da addu'a. Mai jitar siriri ne, kansa fari fat, sai da aka riƙe masa hannu wajen hawa matakala. Na fara jin tausayinsu, har na ce a raina da sun bari mun ci gaba da tunawa da su a kaset. Sai tsohon ya taɓa jitar. Ƙarar ta shigo mini ta tafin ƙafa ta fita ta ƙeya. Ban san lokacin da na bar kujerata ba, na dai tsinci kaina a ƙasa kusa da lasifika, ina tsalle ina ihu da muryar da ko a filin ƙwallo ban taɓa fitar da ita ba.

Can abokina ya ɓace cikin mutane, sai ga shi ya dawo yana jan hannuna.

"Oga, zo ka gani wani baba! Wallahi Hausa ne, amma ta san waƙa duka, ta fi mu sani!"

Na bi shi. A gaba kaɗan akwai wani dattijo da hular hana-salla ja da rigar sanyi irin ta masu motsa jiki. Idonsa a rufe, hannu ɗaya a sama, yana kaɗa kai daidai da ganga, bakinsa yana bin waƙar baiti-baiti. Abokina ya rungumo kafaɗarsa kamar tare suka tashi, ya ce, "Baba, ga ɗan'uwanka!" Dattijon ya buɗe ido yana murmushi, ya juyo.

Gemun na fara ganewa, sannan tabon salla.

Abin da jikina ya yi ba da shawarata ya yi ba. Gwiwoyina suka lanƙwashe, na tafi ƙasa zan gaishe shi, a tsakiyar mutane suna tsalle. Abokina ya ɗauka suma na yi, ya sa hannu ya ciccibo ni yana kiran a kawo ruwa. Shi kuwa Baba, mahaifin yarinyar, ya dube ni, murmushin ya janye daga fuskarsa a hankali, sannan ya kai idonsa can bayana kamar ni turken fitila ne. Ya juya ya fuskanci dandamali, ya sauke hannunsa, ya haɗa su biyu a baya. Haka ya tsaya.

Ni ma haka na tsaya. Aka shiga waƙar da kowa yake jira, fili ya ɗauka, ƙasa tana rawa, mu biyu muna tsaye ƙiƙam kamar masu jiran a tayar da salla. Da na ga abin ba zai yiwu ba, sai na ja baya na koma can sama inda kujeru suke, don in ba shi wuri. Daga nan ina hango jar hular. Har aka gama ba ta sake motsi ba.

Abokina ya biyo ni yana tambaya me ya faru. Na ce masa baban yarinyar ne. Ya riƙe baki ya ce, "Yesu! Kuma na taɓa kafaɗanta!" Daga nan ya ce shi bas zai hau zuwa Orozo, kada in damu da kai shi.

Dab da magariba hadari ya haɗo, aka rufe wasa da gaggawa, ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Na samu na fito da motata cikin cunkoso, na hau titin da ya bi ta Kuchigoro. Ban yi nisa ba na hango shi a gefen hanya. Bai zo da direba ba, bai zo da motarsa ba, dalilin kuwa a bayyane yake. Yana ta ɗaga wa tasi hannu, kowace ta wuce a cike, ruwa yana zuba daga bakin hular.

Na rage gudu ina lissafi. In na wuce, mu duka za mu iya cewa ba a yi ba, amma na bar dattijo a cikin ruwa, kuma ya san motata. In na tsaya, na tabbatar masa na gan shi. A lokacin ne na gane matsalata ba ganina da ya yi ba ce. Ganinsa da na yi ne. Mutum yana iya yafe wa saurayi wauta, amma ban san yadda zai ba da 'yarsa ga wanda ya gan shi da hana-salla yana kaɗa kai ba.

Na tsaya. Na fito cikin ruwan na buɗe masa ƙofar baya, kaina a ƙasa. Ya ɗan jima yana kallon titi, sannan ya shiga.

Da na tayar da mota, sai kiɗan ya fashe daga lasifika, daidai inda na bar shi da rana, da ƙarfin da na bar shi. Na kai hannu da sauri zan kashe.

"Rage dai," in ji shi.

Na rage. Muka tafi a haka, ruwa yana dukan gilashi, jita tana kuka ƙasa-ƙasa, ban ko kalli madubi ba. Sai da muka kusa unguwarsu ya yi magana, kuma ba da ni yake yi ba, da tagar mota yake.

"Mai gangar nan ba shi ne na asali ba. Na asalin na gan shi a Enugu, lokacin ina bautar ƙasa."

Tambayoyi suka cika mini baki. A wane wuri? Da gaske ne yana karya sanda a kowane wasa? Da gaske mai jitar da hagu ya fara koyo? Abin da ya fito shi ne, "Allah sarki, Baba."

Ya ce in sauke shi a masallacin unguwa. Ya cire rigar sanyin, ashe da farar jallabiya a ciki, a naɗe zuwa ƙugu. Ya warware ta, ya fito da hularsa ta gaske daga aljihu ya sa. Ya sauka ya nufi wurin alwala, bai waiwayo ba. Ni kuma na ƙara gaba na nemi wani masallacin.

Makonnin da suka biyo baya ban ji daɗinsu ba. Yarinyar ta tambaye ni yadda wasa ya kasance, na ce lafiya lau, ruwa ne dai ya ɓata ƙarshensa. Ta ce Baba ma ranar mura ta kama shi, wai ruwa ya dake shi a hanyar masallaci. Na ce Allah ya ƙara sauƙi. Kullum ina jiran ta kira ni tana kuka. Na rame har a ofis aka fara tambayata ko zazzaɓi ne. Sai wata Juma'a kawuna ya kira ni daga gida ya ce an aiko, wai mu sa rana mu zo.

Aka yi aure. A bikin babu kiɗa, kuma ban yi mamaki ba.

Har yau ban san dalilin da ya sa ya yarda ba. Wani lokaci in ce don na tsaya masa a cikin ruwa ne. Wani lokaci in ce ya jira ne ya ga ko maganar za ta fito, da ya ga ba ta fito ba sai ya gama bincikensa. Wata rana kuma, in ina jin tsiya, in ce ya ga gara ya ajiye ni kusa inda zai riƙa sa mini ido. Ban tambaya ba, ba kuma a tambayar suruki irin wannan.

Abin da ya rage mini shi ne ɗan takaici, kuma ba mai zafi ba ne. Na yi shekaru ina neman Bahaushe ɗaya da zan zauna da shi mu yi hirar wannan kiɗa, wanda ba zai ce in rage ba. Na same shi, ya fi ni sani, ya ga abin da idonsa tun ana yayinsa, kuma shi ne mutum ɗaya a duniya da ko abinci ba na iya ci a gabansa. Yanzu 'ya'yanmu sun tasa. Duk Salla ina zuwa, in cire takalmi, in durƙusa. Ya tambayi aiki, in ce da godiya. Ya tambayi mutanen gida, in ce suna gaishe shi. Sai mu yi shiru har matata ta leƙo ta ce mu tafi. Wasan da na ɓata masa kuwa ba a sake yin irinsa ba.

Bara na ga labari a waya cewa mai jitar ya rasu. Na zauna a mota a bakin ofis na ɗan jima kafin in shiga. A ƙarshen makon muka kai yara gidan kakansu. Falon a cike, ga surukata, ga ƙannen matata, ga baƙi. Na gaishe shi yadda na saba. Ya tsufa sosai yanzu, sai an matso yake ji. Na yunƙura zan tashi ke nan sai ya kira ni da hannu, na matsa. Bai kalle ni ba, ya ce a hankali:

"Ya haƙuri?"

Na ce, "Da godiya, Baba. Ya namu haƙurin?"

Ya gyaɗa kai, ya ci gaba da jan carbinsa.

A hanyar gida matata ta ce ta ji Baba yana yi mini gaisuwa, wa ya rasu ba ta sani ba? Na ce wani ne da muka sani ni da shi. Ta juyo ta dube ni da kyau, ta ce ita ba ta san akwai wanda muka sani tare da Baba ba. Na ce mata mutum ɗaya ne, kuma shi ne ya rasu.